Jan yumɓu da ruwan tangaran: abin da maginan Italiya suka yi bayan yaƙi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan wata sana'a da ake yawan mantawa da ita idan ana lissafin abin da za a koya wa matasa a Katsina da Daura, wato ginin tukwane, musamman irin wanda ake shafa wa ruwan tangaran ya fito da ƙyalli. Duk lokacin da zancen ya taso, abu biyu ake kawowa: ko a ce a kafa babbar masana'anta, ko a ce sai an samu matoya mai kai zafi digiri 1,280 irin wadda Michael Cardew, magini ɗan Ingila, ya yi aiki da ita a cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Wannan hanya ta Suleja ta haifar da abin alfahari, hoton Ladi Kwali na jikin takardar naira 20 shaida ne. Amma tana cin wuta, tana buƙatar bulo mai jure zafi, kuma jan yumɓun da ke bakin tafkunanmu ba ya jure wannan zafin, narkewa yake ya zauna. Akwai wata hanyar da ta fi kusa da aljihunmu da ƙasarmu, ita ce wadda mutanen Italiya suka bi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1945 Italiya ba ta da abin a zo a gani. Gidan tarihin tangaran na garin Faenza, wanda Gaetano Ballardini ya kafa a 1908, bama-bamai sun rusa shi a watan Mayun 1944, sai da aka sake tara kayansa da kyautar masu fasaha irin su Picasso da Matisse. A Milan, bom ya lalata ɗakin aikin wani mai sassaƙa, Fausto Melotti, a 1943. Ƙarfe da farin dutse sun yi tsada, sai ya koma yumɓu, ya shafe shekaru yana gina kwanuka da tuluna masu bango siriri kamar takarda. Abin da ya rage wa mutanen nan shi ne yumɓun gari, da ƙananan matoyu, da hannun da ya gaji sana'a. Da wannan suka fita kasuwa. Daga 1950 zuwa 1953 an zagaya da baje kolin kayan hannun Italiya gidajen tarihi 12 a Amurka, an fara da na Brooklyn, dillalai irin su kamfanin Raymor suka riƙa yin oda, ƙananan wuraren aiki na mutum goma ko ashirin suka samu abin yi.

Mafi yawan kayan nan da ake tsada a kansu yau ba a toya su da zafin da ya wuce digiri 950 zuwa 1,000 ba. Nan ne maganarmu take. Guido Gambone, wanda ya koyi aiki a Vietri ya koma Florence a 1950, an san shi da ruwan tangaran mai kauri kamar an zuba madara ta daskare, da ɗan hoton jaki da yake sa wa a gindin kaya a matsayin tambari. Marcello Fantoni ya buɗe wurinsa a Florence tun 1936, bayan yaƙi ya riƙa haɗa gefen da aka bari garje da gefen da launi ya kwarara. A Albisola, bakin teku kusa da Savona, Lucio Fontana ya riƙa murɗe yumɓu da hannu, daga baya ya riƙa huda shi yana tsaga shi. A garin ne kuma Asger Jorn, mutumin Denmak, ya yi wani allon bango mai tsawon mita 27 da tsayin mita 3 a 1959, har ya bi ta kan ɗanyen yumɓun da babur don tayar ta bar sawu. Gaskiya ne wasunsu, kamar Carlo Zauli na Faenza, sun koma babbar wuta daga baya, amma da ƙaramar suka fara, da ita kuma aka ci kasuwa.

Wanda ya fi dacewa maginanmu su duba shi ne Aldo Londi na kamfanin Bitossi a Montelupo. Ya yi zaman fursunan yaƙi a Afirka ta Kudu, ya dawo ya karɓi jagorancin zane a 1946. A 1959 ya fito da jerin kayan da ake kira Rimini Blu. Dabarar ba ta da wani asiri: idan yumɓu ya sha iska ya yi tauri kamar fata amma bai bushe ba, sai a riƙa danna masa ƙananan hatimai layi-layi, da'ira, giciye, ɗigo, tsinin kibiya, bayan toyi na farko a zuba ruwan tangaran shuɗi mai ratsin kore. Ruwan yana taruwa a cikin ramukan ya yi duhu, a kan tudu kuma ya yi haske, sai launi ɗaya ya zama kamar uku. Duk wanda ya taɓa ganin maginiya tana mirgina totuwar masara ko murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulu, ko baduku yana buga ƙarfen ado a kan fata, ya san hannun da zai yi wannan aiki yana nan garinmu. Kuma ado ne na zane zalla, babu surar mutum ko dabba ga wanda ba ya so, don haka ba a shiga wata taƙaddama.

Shi kansa farin ruwan tangaran da Italiya ke tinƙaho da shi ba can ya samo asali ba. A Iraƙi aka fara sa kuza a ruwan tangaran don ya yi fari, a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Ya bi ta Masar da Arewacin Afirka zuwa Andalus, sannan ya haye Italiya. Tsofaffin majami'u a Pisa har an liƙa musu kwanukan tangaran na ƙasashen Musulmi a bango don ado, kamar dai yadda magina a ƙasar Hausa ke dasa faranti a tsakiyar rufin soro.

To ga yadda aikin yake. Farko yumɓu. A jiƙa shi ya narke kamar kunu, a tace da rariya mai laushi don a fitar da tsakuwa da saiwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a shanya a kan buhu har ya murzu. Kafin a gina komai a yi gwaji: a yi ɗan bulo siriri, a ja masa layi na santimita 10 daidai, a auna bayan ya bushe, a sake aunawa bayan toyi. Idan layin ya koma ƙasa da santimita 9 tun a bushewa, yumɓun ya cika danƙo, zai tsage. A ƙara masa garin tsingaro da aka daka aka tankaɗe, kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yumɓun da Italiyawa ke wannan aiki da shi yana da alli a cikinsa tun daga rami. Allin ne ke sa jikin tukunya ya tsuke daidai da ruwan tangaran lokacin hucewa, shi ne kuma ke mayar da jan yumɓu ya yi fari-fari. Inda namu ba shi da shi, a ƙara garin farin dutsen nan da ake siminti da shi, kashi 10 zuwa 15, amma sai ya yi laushi kamar fulawa. Ƙwaya ɗaya mai girman gero idan ta shiga, za ta ƙone a wuta, bayan sati biyu ko uku ta sha raɓa ta kumbura ta ɓantare fuskar kwano, a ga farin ɗigo a tsakiyar ramin. Kada kuma a ɗauko allin rubutu na makaranta, yawancinsa wani abu ne daban. Yumɓu mai alli ba ya son a wuce digiri 1,100, nan take yake lanƙwashewa.

Shanya a nan sai da lura. Iskar hunturu tana busar da baki da hannun buta tun gindi na ɗanye, sai a wayi gari da tsaga. A rufe da leda kwana biyu, a riƙa kifa kayan, a shanya a inuwa. Abin da ya bushe sosai ba ya sanyi idan aka ɗora shi a kunci.

Toyi biyu ake yi, kuma dole sai da rufaffiyar matoya. Toyin fili na kara da ƙirare da kashin shanu yawanci tsakanin digiri 600 da 850 yake tsayawa, gefe ya fi gefe, ga toka da hayaƙi suna sauka a kan kaya. Ya ishi tukunya, bai ishi ruwan tangaran ba. Ƙaramar matoya ta gas, wadda aka yi da ganga aka liƙa mata bargon nan mai hana zafi fita, ta isa a fara, da ma'aunin zafi guda. A toyi na farko a hau a hankali: awa biyu ƙasa da digiri 200 da murfi a ɗan buɗe don sauran ruwa ya fita, in ba haka ba tururi ya fasa kayan. Daga nan kamar digiri 100 a kowace awa har a wuce 600, saboda a digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya, kuma a wannan tsakanin ne ruwan da ke ɗaure a jikin yumɓun ke fita. Sai a ƙara wuta zuwa 1,000 ko 1,020, a riƙe minti 20 zuwa 30. Awa takwas zuwa goma ke nan. Abin da ya toyu, idan aka ƙwanƙwasa shi da farce zai yi ƙara siririya. Wanda ya ce "ƙwaf" bai ji wuta ba ko yana da tsaga a ɓoye.

Yanzu ruwan tangaran, inda haɗarin yake. Gilashi ne kawai aka niƙa aka dama da ruwa, wuta ta narkar da shi a jikin yumɓu. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai an wuce digiri 1,700, don haka ake haɗa shi da abin da zai sauko da shi. Italiyawan wancan zamani da dalma suke yi, ita ce ta ba kayansu zurfin launin da ake yabo. Wannan kam kada a kwaikwaya. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gida. Wanda duk ya ba magini shawarar ya fasa batirin mota ko ya daka tozali ya zuba a ruwan tangaran don ya yi saurin narkewa, ya ba shi guba ne shi da iyalinsa da mai saye. Tsami ne ke fito da dalmar: tsamiya, lemon tsami, nono, zoɓo, tumatir. Idan kuma an sa jan ƙarfe don launin kore, fitar ta ƙaru. Haka jan launi da ruwan lemo masu ɗaukar ido na shekarun 1950 da 1960, da dama daga sinadarin kadmiyom suke, shi ma guba ne. Mai tsohon kwano irin wannan ya ajiye shi a kabad don kallo.

Abin da ya maye gurbin dalma shi ne firit na boron, wato gilashin da aka riga aka narkar a masana'anta da boraks (wani farin gishirin ma'adini mai boron) da yashi da alli, aka zuba a ruwa ya farfashe, aka niƙa. Dalilin narkarwar shi ne boraks ɗanye yana narkewa a ruwa, yumɓu ya tsotse shi, abin da ya rage a sama ya ƙi narkewa. Haɗin farawa na fari: firit gram 850, farar ƙasar nan kawolin gram 150, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, sai garin zirkon, ma'adinin da ke sa ruwan ya yi fari, gram 120. Mai hali ya sa ƙonannen garin kuza gram 80 a maimakon zirkon, farinsa ya fi taushi, amma kuɗinsa ya ninka sau da yawa. A fara da ruwa mililita 900, a tace sau biyu da rariya mai lamba 80, a bar shi ya kwana. Kauri ba da ido ake gane shi ba: a ja mililita 100 da sirinji a ɗora a sikeli, a riƙa ƙara ruwa har ya auna gram 150. Wannan haɗi mafari ne kawai, domin firit ya bambanta, yumɓu ma haka. A gwada a ƙananan fale-fale goma kafin a taɓa kayan sayarwa. Masu son niƙa kwalabe su yi nasu, su sani gilashin kwalba yana da sinadarin soda da yawa, kusan kullum sai ya tsattsage a jikin yumɓu, kuma yana daskarewa a gindin bokiti kamar siminti. Ya yi wa kayan ado, bai yi wa kwanon miya ba.

A goge kayan da ɗanyen soso, a shafa kakin kyandir a gindi, a tsoma daƙiƙa biyu zuwa uku a fitar. Cikin ɗan lokaci ruwan zai shige, a bar farin gari a jiki. A karce da allura a duba: kaurin katin ATM ake nema. A kan wannan ɗanyen garin ake zane, kuma nan ake gane gwani. Da burushi ya taɓa, garin ya zuƙe ruwan kamar yashin rani. Babu gogewa, babu komawa baya, idan hannu ya tsaya sai ɗigo ya zauna, idan aka maimaita layi sai farin ya ɗago ya cakuɗe. Launukan kuma ba sa nuna kansu kafin wuta: sinadarin kobal da zai zama shuɗi yana fitowa baƙi-baƙi ko ruwan hoda, jan ƙarfe da zai zama kore baƙi ne wuluk. Don zane, a haɗa kobal awo ɗaya da firit awo uku ko huɗu, in ba haka ba wurin ya fito a bushe kamar ƙonannen ƙarfe. Don rina ruwan gaba ɗaya, kobal rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 ya isa, jan ƙarfe kashi 2 zuwa 3, tsatsar ƙarfe kashi 3 zuwa 8 daga ruwan zuma zuwa ƙasa-ƙasa, manganis kashi 3 zuwa 5. Na jan ƙarfe ana iya yin sa a gida: a ƙona wayar da aka feɗe har ta yi baƙi, a tsoma a ruwa, a tara ɓawon da ya zube a niƙa. Shuɗi mai ratsin kore irin na Londi yana fitowa ne idan jan ƙarfe ya haɗu da firit mai soda da yawa.

Toyi na biyu a tsaya ƙasa kaɗan da na farko, digiri 980 zuwa 1,000, gwargwadon firit ɗin. Kaya kada su taɓa juna, a bar faɗin yatsa. Wutar gas ta kasance shuɗiya da isasshiyar iska. Idan ta yi ja tana hayaƙi, fari zai dawo ruwan toka, kore ya yi jirwayen ja. Tsofaffin Italiyawa da ke toyi da itace a cikin akwatunan yumɓu suke ɓoye kayan saboda wannan. Bayan an kashe wuta a toshe ko'ina, kada a buɗe sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 100, ko da mai oda yana tsaye a ƙofa.

Abin da ke ɓaci kusan kullum ɗaya ne cikin huɗu. Tsattsagewa kamar saƙar gizo: ruwan ya fi jikin tsukewa, sai ya ja ya yage. Maganinsa a ƙara wa ruwan garin yashi mai laushi kashi 5, a sake gwadawa, a rage kauri, a ƙara wa jikin alli ko wuta. Wani lokaci ba ya nunawa sai damina, idan jikin ya sha laima ya ɗan kumbura, kwano na zaune a kan kanta a ji ya ce "ƙis". Don a kama shi da wuri, a zafafa gwajin zuwa digiri 150 a tsoma a ruwan sanyi, a shafa tawada a goge. Inda ya tsage zai fito da baƙin layi. Gambone da ire-irensa sun mayar da wannan tsaga ado, amma a abin da za a ci abinci a ciki aibi ce, mai da miya suna shiga su yi wari. Na biyu, kishiyar tsattsagewa, ita ce ruwan ya riƙa ɓarewa a baki kamar ɓawon ƙwai, mai kaifi, wanda ke nuna an wuce gona da iri wajen gyaran farko. Na uku, ruwan ya tattare ya bar fili tsirara: ƙurar hunturu ce, ko maiƙon hannu, ko an yi kauri har ya tsage tun kafin wuta. Na huɗu ƙananan ramuka kamar an soka allura: iska ce ke fitowa daga jikin da bai toyu sosai ba a karon farko, sai a tsawaita wancan toyin kuma a riƙe wuta minti 20 a ƙarshen na biyu don ramukan su rufe. Mai son zuba ruwa mai kauri irin na Gambone ya yi shi hawa-hawa, kowane ya sha iska kafin na gaba, ya bar santimita ɗaya tsirara a ƙasa, ya ɗora kayan a kan tsingaro, don idan ya kwarara kada ya liƙe da daɓen matoya.

Ba kowane abu ake shafa wa ba. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda suna zufa. Aka toshe musu jiki da gilashi, an kashe amfaninsu. Tukunyar tuwo da tandar waina kuma sakin jikinsu ne ke sa su jure harshen wuta, kwanon tangaran a kan murhu tsagewa yake. Waɗannan a bar wa masu su, sun fi kowa iyawa. Kasuwar sabon aikin daban ce: kaskon turaren wuta, gindin fitila, tukunyar fure, farantin jere na ɗakin amarya, tayil na ado a ƙofar gida ko mihrabin masallaci, da zanen dagi da sauran adon da ake yi a bangon soro.

Roƙonmu ga masu tsara koyar da sana'a a jiha da manyan makarantunmu na Katsina da Daura shi ne a fara da matoyar gas ƙarama, da sikeli mai auna gram, da ma'aunin zafi, da rariya, da buhun firit marar dalma da za a riƙa sayar wa magina da kilo, tunda mutum ɗaya ba zai iya odarsa ba. A ɗauki yumɓu daga wurare biyar ko shida a gwada kowanne, a rubuta sakamakon da Hausa a raba. Sashen fasahar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya daɗe yana koyar da aikin tangaran, ana iya neman hannunsu. A haɗa ɗalibai da maginan gargajiya a rumfa ɗaya. Duk mai niƙa ko tankaɗe ya sa takunkumi na ƙwarai, a riƙa goge daɓe da ruwa maimakon shara, saboda ƙurar yashi tana taruwa a huhu. Duk abin da za a ci ko a sha a cikinsa a kai samfurinsa ɗakin gwaji tukuna. Yankan lemon tsami da ake kwantarwa a kan kwano ya kwana yana nuna ko tsami na cin ruwan, idan wurin ya dushe, amma ba ya tabbatar da cewa babu dalma.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu malaman fasahar yumɓu da magina,
Katsina.